Wutar allon haɗa faifan ajiya da USB: abin da aka tattauna

Jama'a, muhawarar da aka yi kan yadda za a ba allon haɗa faifan ajiya da USB wuta ta yi tsawo, ga abin da na tsinto, musamman don 'yan'uwanmu masu gyara a Nima da Mamobi, unguwannin Ankara (Accra) ta Gana.

1. Baki ya zo ɗaya cewa wutar USB kaɗai ba abin dogaro ba ce. USB 2.0 miliamp 500 yake bayarwa, USB 3.0 kuma 900, duk a bolt 5. Ƙaramin faifai mai inci 2.5 yakan tashi da hakan, amma wani sa'in sai ka ji yana ƙas-ƙas, ya ƙi juyawa.

2. Babba mai inci 3.5 sai da adaftar bolt 12, don lokacin tashi yakan ja kusan amp 2.

3. Wajen sauke wuta zuwa bolt 3.3 aka rabu. Wasu sun ce LDO, wato 'yar na'urar da ke sauke bolt ta hanyar mayar da rarar wuta zafi, ga arha ga sauƙin haɗawa. Wasu suka ce mai sauyawa, wato mai sauke bolt ta hanyar kunna wuta da kashe ta da sauri, tunda daga bolt 12 LDO zafi yake har ya ƙona yatsa. Ni dai da zafin Ankara, ina bayan na biyun.

4. Kapasita (ɗan abin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci) a bakin USB kada ya wuce maikrofarad 10.

5. A hana wutar adafta komawa cikin kwamfuta.