Yadda zan gane ko garmar taraktar da na gada Ferguson ce ko Ransomes

Manomin Kujama:

Assalamu alaikum, jama'a. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana wata tsohuwar garmar tarakta mai baki biyu, irin mai juya ƙasa, ba mai faifai ba, kuma ta kai shekara goma tana jingine a bayan rumbu a gonarmu ta Kujama. Ina son in mayar da ita aiki kafin faɗuwar damina, amma bakinta na gaba ya cinye, farantin da ke ɗauke da sunan kamfani ya ɓalle ya bar ramukan ƙusa kawai, sannan an taɓa shafe ta da jan fenti. Wani ya ce mini Ferguson ce, wani ya rantse Ransomes ce. Na sayi baki bisa maganar na farkon, da na zo ɗaurawa sai ramukan noti suka ƙi haɗuwa. Ta yaya zan tabbatar da asalinta kafin in sake kashe kuɗi?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa mahaifinka. Ɗana, ka ajiye maganar jan fenti a gefe, domin duk ƙarfen noman da ya bi ta hannun mai fenti a ƙasar nan ja yake fitowa, saboda mutane sun saba da launin Massey Ferguson. Kayan Ferguson na asali, na zamanin taraktar TE20 da aka ƙera a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, ruwan toka ne daga sama har ƙasa. Ja ya biyo baya ne, bayan haɗewar Ferguson da Massey-Harris a 1953. Su kuwa Ransomes, waɗanda masana'antarsu take a Ipswich ta Ingila a wancan zamanin, da shuɗi aka san garmunansu.

Ka samu kananzir da burushin waya, ka goge lungun da mai fenti ba ya kaiwa, wato ƙarƙashin sandunan da ke riƙe da bakunan da bayan allon da ke juya ƙasa. Abu biyu kake nema: fentin farko, da lambobin da aka zuba ko aka buga a jikin ƙarfen. Faranti yana ɓallewa, amma lambar zubi tana nan har ƙarfen ya ƙare. Idan ka ga haruffan YL da lamba a bayan allon, to allon na Ransomes ne. Sai kuma ka gwada notin. Ferguson ya tsara kayansa yadda sifana guda, mai baki inci 11/16 a gefe ɗaya da inci 1 1/16 a ɗaya gefen, za ta kwance kusan komai a jikin garmar. Na yi shekaru da irin wannan sifana a aljihuna, har da zanen inci a jikinta don auna zurfin huɗa.

Injiniyan Samaru:

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina roƙon ya ba ni dama in ƙara wani abu game da ruwan toka. Masu fenti da yawa suna fara shafa na ƙasa mai wannan launi kafin ja, saboda haka launin shi kaɗai bai isa hujja ba. A ganina, Malam, kuskuren da aka yi wajen sayen baki bai zama dole ya fito daga sunan kamfani ba. Kamfani ɗaya yana fitar da garma mai yankan inci 10, da 12, da 14, suna kama da juna a ido, alhali bakunansu ba sa hawa kan juna. Ka auna a gicciye daga gefen bakin gaba da ke goga bangon huɗa zuwa gefen na baya, wannan shi ne faɗin yankanta.

Ka kuma auna kaurin filolin ƙasa guda biyu da hannuwan tarakta ke kamawa. Milimita 22 na nufin rukuni na ɗaya, na ƙananan taraktoci irin su TE20 da Massey Ferguson 35, milimita 28 kuwa rukuni na biyu ne. Wannan yana nuna girman taraktar da aka yi garmar dominta, ba wanda ya ƙera ta ba, kuma sau da yawa za ka tarar maƙeri ya riga ya canza su da walda.

Akwai kuma Dearborn. Bayan kamfanin Ford da Harry Ferguson, mai kamfanin Ferguson, sun raba gari a 1947, sai Ford ya riƙa sayar da garmuna da wannan suna a Amurka, masu kama da na Ferguson ƙwarai. Ni dai tsofaffin da na taɓa dubawa a yankin Zariya duk na Ingila ne.

Tsohon Bakanike:

Na yarda da kai, Injiniya. Kuma garmar da ta yi shekara sittin tana aiki takan zama haɗin gambiza, jikin wani kamfani, allon wani. Shi ya sa ban taɓa aika yaro sayen baki da suna ba. Ɗana, kwance tsohon bakin, ka ɗora shi a kan kwali, ka zana gefensa da ramukansa, ka tafi da duka biyun kasuwar Panteka ta Kaduna. Idan babu irinsa, maƙeran can za su yanka maka, ka dai nace a yi da ƙarfe mai tauri.

Manomin Kujama:

Na gode, Baba, na gode, Injiniya, Allah Ya saka da alheri. Yau da safe na goge ta. Na tarar da ruwan toka a ƙarƙashin sandunan, notin duk sun amsa sifana 11/16 da 1 1/16, filolin milimita 22 ne, faɗin yankan kuma inci 12 ne, alhali bakin da na saya na 14 ne. Akwai lamba a bayan allon baya wadda tsatsa ta cinye rabinta, na jiƙa ta da kananzir zuwa gobe. Ranar Asabar, in Allah Ya yarda, zan shiga Panteka da tsohon bakin.