Na ga tabo a hannun 'yata, ban san ta inda zan fara ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Tudun Wada, Gombe. 'Yata shekararta 16, tana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar kwana. Tun da ta dawo hutu ba ta rabuwa da riga mai dogon hannu, duk da zafin Afrilun nan. Jiya tana wanke-wanke ta naɗe hannun rigar, sai na ga tabo a jere, wasu sun warke, wasu sababbi. Ta ce wai ƙarfen gado ne ya karce ta. Da dare ƙanwarta ta raɗa min cewa ta taɓa jin ta tana cewa gara ma a ce ba ta duniyar. Yarinyar da ba ta wuce ta uku a aji, yanzu ko abinci sai an yi da gaske. Ban gaya wa babansu ba, na san bulala zai ɗauko. Ku ba ni shawara.

Maman Sadiƙ: Innalillahi! Hajiya wannan shafar aljanu ce, a nemi malami ya yi mata ruƙiyya.

Ma'aikaciyar jinya, Bolari: A yi addu'a, ba mai hanawa, amma kada a tsaya nan. Yau ɗin nan ki ja ta ɗaki, ku biyu, ki tambaye ta kai tsaye: "Kina tunanin kashe kanki?" Na san bakin uwa zai yi nauyi, amma tambayar ba ta saka wa yaro tunanin da ba shi da shi, sai ma ta sauke masa nauyi. Yara da yawa masu ji wa kansu ciwo ƙuncin zuciya suke neman ragewa, to amma maganar da ƙanwarta ta ji ba ta wasa ba ce. Ki kulle magunguna, maganin ƙwari da duk abu mai kaifi, kada a bar ta ita kaɗai. Gobe ki kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ki ce kina son ganin likitan ƙwaƙwalwa. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na yara 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata damuwar ƙwaƙwalwa. In ta ce ta riga ta shirya wani abu, kada ki jira gari ya waye, sashen gaggawa za ku nufa.

Baban Ilham: Yaran zamani ne, neman a kula su kawai suke yi.

Malamin sakandare, Kumo: To Alhaji, ai sai a kula ta ɗin. Hajiya, ki duba makarantar. Siniyoyi na cin zali, ana gori a ɗakin kwana, wani lokaci kuma wani ne ke riƙe da hoton yarinya a waya yana yi mata barazana. Kada ta koma bayan hutu sai kin san me ke can. Maganar WAEC kuma a ajiye ta tukuna.

Wata ɗaliba: Umma, ni ma na taɓa shiga wannan halin ina aji uku. Da aka gane, goggona ta ce wuta zan shiga, sai na ƙara ɓoyewa. Mamata kuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Me ke miki ciwo?" Ranar na fara magana. Kada ki sa ta rantse ta daina, za ta rantse ne kawai don ki daina kuka.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun yi magana bayan Isha, ta yi kuka sosai, ta kira sunan wasu 'yan ajinsu amma ba ta gama faɗa ba, ni ma ban matsa ba. A ɗakina ta kwana. Na kira yayan babansu, shi zai zaunar da shi kafin mu tafi asibiti da safe.