Muhawara: Shin tsufa cuta ce da za a iya samo maganinta?

Ɗalibin likitanci: Assalamu alaikum. Ni dai ina kan ra'ayin cewa tsufa lalacewa ce ta jiki wadda take da sanadi, kuma duk abin da aka gano sanadinsa ana iya karya lagonsa. A 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa ƙwayoyin halittar mutum da aka raina a ɗakin gwaji suna rabuwa ne kusan sau 50, daga nan su tsaya cik. A 1993 kuma Cynthia Kenyon da abokan aikinta sun nuna cewa sauyi a ƙwayar gado guda ɗaya yana ninka kwanakin wata 'yar tsutsa.

Malamin lissafi: Wa alaikumus salam. Ɗana, tsutsa daban, ɗan Adam daban. Tun 1825 Benjamin Gompertz ya lura cewa haɗarin mutuwa yana hauhawa da shekaru bisa tsari, kuma a wajen manya yakan ninka kusan duk bayan shekara 8. Gaskiya ne matsakaicin tsawon rai a duniya ya tashi daga shekara 30 da 'yan kai a 1900 zuwa sama da 70 a yau, amma mafi yawan wannan ribar ta samu ne daga raguwar mutuwar yara saboda rigakafi da ruwa mai tsafta da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Jeanne Calment ta Faransa ta rasu a 1997 tana da shekara 122, kuma har yau ba a tabbatar da wanda ya kamo ta ba.

Ɗalibin likitanci: Malam, to ga dabba mai shayarwa. A 2009 an ba ɓeraye maganin rapamycin bayan sun riga sun tsufa, kuma kwanansu ya ƙaru.

Malamin lissafi: Na yarda da wannan, sai dai maganin yana raunana garkuwar jiki, kuma tsoho ya fi kowa bukatarta.

Ma'aikaciyar jinya: Ku yi mini afuwa, dukanku kuna ƙirga shekaru ne, ni kuwa aikina ya sa ina kallon abin da ke cikinsu. Na yi jinyar wata dattijuwa da ta haura 90, wadda sai mun juya ta duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo, kuma 'yarta takan zauna a gefen gado tana riƙe da hannunta tana maimaita mata sunanta, ita kuwa tana kallonta kamar baƙuwa. Ban taɓa jin mara lafiya ya roƙe ni ƙarin shekaru ba. Abin da suke roƙo shi ne su iya tashi da ƙafarsu su kewaya ba tare da an riƙe su ba. Ajali dai ba ya hannunmu, amma wannan roƙon nasu yana ci mini rai.

Ɗalibin likitanci: Malama, ai nan maganata ta dosa. Ciwon mantuwa da na zuciya da daji duk suna ƙaruwa ne da shekaru, don haka idan aka sassauta tsufan kansa, ina fatan a jinkirta su gaba ɗaya maimakon a riƙa binsu ɗaya bayan ɗaya.

Malamin lissafi: Jinkirtawa na amince da ita, amma da maganar magani ka buɗe zancen nan. Wanne ka tsaya a kai yanzu?

Ɗalibin likitanci: Na tsaya a kan jinkirtawa, Malam, amma ban janye kalmar cuta ba.