Me za mu kira "randomised trial" da Hausa?

1/ Tun lokacin korona masu fassara labaran lafiya ke kauce wa kalmar nan, sai a ce "bincike ya nuna" a wuce. Alhali bincike suna ya tara.

2/ A watan Maris 2020 Didier Raoult, likita a Marseille ta Faransa, ya fitar da sakamakon gwajin hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin, a kan masu korona 36 kacal. Trump ya yaba maganin, aka yi ta rububi, har a Legas aka kwantar da waɗanda suka sha kulorokwin fiye da kima. Matsalar ita ce yawancin masu korona suna warkewa ko ba magani. Ka ba mutum ƙwaya ya miƙe, ta ina ka san ita ce ta tashe shi?

3/ Gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford ya bi wata hanya: kwamfuta ce ke ware wanda za a ƙara wa maganin da wanda zai tsaya a kulawar da aka saba, likita ba ya sa hannu. Abu ne mai nauyi a tsakiyar annoba, majinyaci na numfashi da ƙyar, dangi na kallonka. Amma a watan Yuni 2020 aka gano hydroxychloroquine ba ya rage mutuwa, dexamethasone mai araha kuwa ya rage ta da kashi ɗaya bisa uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi.

4/ Wannan rabon nake nema wa suna. An kawo "kan mai uwa da wabi", ban karɓa ba, domin tana nufin rashin tsari, gwajin nan kuwa tsari ne tsantsa. "Canki-canka" ta fi kusa, sai dai tana warin caca. A ƙasar da ba a manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba, wane uba zai miƙa ɗansa ga abin da aka kira caca?

5/ Ni na tsaya a kan "gwajin rabon ƙuri'a". Na san za a ce ƙuri'a ta koma ta zaɓe, shi ya sa na ƙara "rabo". Asalinta muke nufi, wadda ake yi don kada son rai ya shiga, kamar yadda Annabi (SAW) yake yin ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. A labari sai a ce: "Gwajin rabon ƙuri'a ya nuna maganin ba ya aiki."