Wace kalma za mu ba "lane" na wurin iyo?

Assalamu alaikum malamai 'yan uwana. Ni malamin motsa jiki ne, ina koya wa yaran sakandare iyo, kuma akwai kalmar da ta daɗe tana damuna, wato abin nan da Turawa ke ce wa lane, filin ruwan da ke tsakanin igiya da igiya wanda ake ware wa masu iyo. Kowa layi yake cewa, ni ma layi nake cewa da, har ranar da na ce wa wasu yara biyu "kowa ya bi layinsa", sai duk su biyun suka hau kan baƙin zanen nan na ƙasan ruwa, ɗaya daga nan ɗaya daga can, suka gwara kai a tsakiya. Allah Ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo sosai amma wallahi ranar ban yi barci da daɗi ba, don yaran ba su yi laifi ba, abin da na faɗa suka bi.

Ku duba fa, a wurin iyo guda ɗaya abu huɗu ne muke kira layi: zanen ƙasa, igiyar da ke sama, filin da ke tsakani, da kuma jerin yara masu jiran lokacinsu a bango. Yaron da kansa ke cikin ruwa kunnensa ya toshe yana haki ba shi da lokacin tunanin wanne malam ke nufi.

Wani malami ya ce a ce burtali. Gaskiya hoton ya fita, burtali hanya ce mai shinge dama da hagu, ba ka ratsewa. Amma hanyar shanu ce, kuma yaran sakandare mun san su, kalma ɗaya za ta zama abin tsokana, ba na so yarinyar da da ƙyar ta yarda ta shiga ruwa a ce mata ta shiga burtali. Wata malama ta kawo kunya irin ta gona, ita kuma matsalarta a fili take, ba zan tsaya gaban 'yan shekara 14 in ce "fita daga kunya" ba. Hanya ta yi faɗi da yawa, komai hanya ne.

Ni dai turba na zaɓa. Gajeriya ce, ana iya ɗaga murya da ita a ji, jam'inta turbobi, kuma ba abin da ke amsa wannan sunan a wurin iyo sai ita. Toh sai a bar wa zanen ƙasa sunansa baƙin layi, igiya ta zauna igiya, jerin yara kuma sahu. A wurin gasa na mita 50 faɗin turba mita 2.5 ne bisa ƙa'idar World Aquatics, hukumar wasannin ruwa ta duniya, wadda da ake ce wa FINA har zuwa ƙarshen 2022, kuma baƙin layin yana ƙarewa da alamar T mita 2 kafin bango don mai iyo ya san ya kusa juyawa. Kun ga yanzu zan iya bayanin duk wannan ba kalmar da ta hau kan wata.

Dokokin shiga kuma ina kiransu ladabin turba, ban ce doka ba saboda yawancinsu girmama na kusa da kai ne. Idan ku biyu ne kuna iya raba turba kowa da gefensa, idan kun kai uku sai zagaye, ka tafi ta gefe ɗaya ka dawo ta ɗayan baƙin layi yana tsakiya ba mai hawa kansa. A Amurka dama ake riƙewa, a Ostareliya hagu, a Ingila kuma sau da yawa a turba ɗaya a zagaya yadda hannun agogo ke juyawa, a ta kusa da ita kuma a saɓa, shi ya sa nake ce musu kafin ka shiga ka tsaya ka duba yadda na ciki ke tafiya. Ka bar daƙiƙa 5 tsakaninka da na gabanka. In ka cim masa ka taɓa ƙafarsa sau ɗaya a hankali, shi kuma in ya isa bango ya matsa kusurwa ka wuce. Mai hutawa ma kusurwa, tsakiyar bango na masu juyawa ne.

Sai ɗaya kalmar, fitness test. Don Allah a daina cewa gwajin lafiya, iyaye suna ɗauka jini za a ɗiba, na sha amsa wannan tambayar. Jarrabawa kuma tsorata yara take, gwajin ƙarfi ya zama kamar kokawa za a yi. Awo ma wani ya faɗa amma mata sun riga mu da shi a asibiti. Abin da muke aunawa a gwajin Cooper, wanda likita Kenneth Cooper ya fitar a 1968, shi ne nisan da mutum zai iya yi cikin minti 12, a guje ko a ruwa. Gwajin gudun nan mai ƙarar "bip" ma da ake kai da komo a mita 20 ana ƙara sauri duk bayan kusan minti ɗaya, haka ne, har yaushe za ka jure. Don haka gwajin juriya nake ce musu, in an haɗa da tsalle da miƙa jiki da ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 15 a ninka sau 4 sai in ce gwajin kuzari.

Wanda ya rage min yanzu shi ne tsayuwar nan da ake yi a ruwa mai zurfi ana motsa ƙafa da hannu kai a sama ba a tafiya ko'ina. Taka ruwa nake cewa amma yara suna ɗauka tafiya za su yi a inda ƙafa ke taɓa ƙasa, kuma wannan darasin shi ke ceton rai. Malaman Hausa da ke nan ku taimaka min da ita kafin zangon karatu mai zuwa.