Masu aiki da marayu da yaran 'yan gudun hijira, ku zo ku faɗa mana gaskiyar abin

Maman Khalil, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, amma ba irin ta "Allah ya ba da lada" a wuce ba. Ƙanwata ce ta gama NCE tun bara tana zaune gida, yanzu wata 'yar ƙaramar ƙungiya nan Gusau masu kula da marayu, yawanci yaran da 'yan bindiga suka kashe ubanninsu aka dawo da su gari wajen dangi, sun ce ta zo ta riƙa koya musu karatu da yamma tana taya su rubuta sunaye. Alawus ɗin wlh da ƙyar ya biya mata kuɗin napep na wata. Ita ta nace tana so, Innarmu ta ce wahalar banza ce, ni kuma ina tsakiya. Duk wanda ya taɓa aikin nan da hannunsa, ba wanda ya ji a bakin wani ba, ya faɗa mana me ya gani, daɗinsa da ɗacinsa.

Ɗan Anka:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in ba ki nawa ko da yake ni ba gidan marayu na yi ba. A 2010 lokacin gubar dalma ina saurayi ko aure ban yi ba, anka ɗauke mu shiga ƙauyuka gida gida. Don wanda bai san lamarin ba, mutane ke ɗauko duwatsun zinari daga daji su kawo cikin gida su daka su niƙa, ƙurar ta bi ƙasa ta bi ruwan sha, yaro na rarrafe shi sa hannu baki. Sai ki ga ɗa lahiya lau yau, gobe amai, jibi shiɗewa, wasu su ce iskoki wasu su ce sanƙarau. Sama da yara 400 sunka rasu tsakanin Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, Bagega kuwa sai 2013 anka samu kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Likitocin MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, su sunka riƙe maganin shekara da shekaru. Aikinmu mu lallashi iyaye su kawo yara a gwada jini, mu kuma gane da su cewa magani ba shi da amfani in ba a kankare ƙasar tsakar gida an zuba sabuwa ba, don yaro zai koma ya sake kwasa.

To akwai wata mata, ɗiya uku ta binne, na huɗu na bayanta. Sau uku muna zuwa ko sallama ba ta amsawa, mijin ya ce mu tahi kawai. Ni da ƙuruciya har ina cewa mutanen nan ba su san mai son su ba. Wani dattijo da muke tare da shi yac ce min, yaro, tunda munka fara zuwa gidan ga wa kaj ji ya yi mata gaisuwar mutuwa? Wallahi sai jikina ya yi sanyi. Duk mun zo da takarda da biro, sunanka, shekara nawa, yara nawa sunka mutu, ba wanda yac ce mata ya haƙuri. Washegari munka koma ba takarda, munka zauna zaure da maigidan anka yi addu'a anka shafa, ba mu ce komai kan gwaji ba. Za mu tashi sai ga ƙwaryar fura daga cikin gida. Kwana biyu ita da kanta ta goyo yaron ta kawo. Ki faɗa ma ƙanwarki in an ba ta rajista ta rubuta sunaye, ta fara gaisuwa tukuna.

Anti Nas, Birnin Kebbi:
Ɗan Anka ka sa ni hawaye da sassafe. Maman Khalil ki bar ta ta je, amma ta san ba wajen kuka ake zuwa ba, in ta ce kowane yaro sai ta yi masa kuka ba za ta yi wata ɗaya ba. Ni shekarata ta biyar ke nan a ɓangaren yara masu tamowa. Akwai ɗan tef mai kala uku da muke zagayawa a damtsen yaro, daga ɗan wata 6 zuwa wanda bai cika shekara 5 ba, kore lafiya lau, rawaya a sa ido, in ya faɗa ja wato bai kai santimita 11.5 ba, to wannan sai magani da abincin nan na gyaɗa na cikin leda. Farkon zuwana in uwa ta dawo bayan sati aka ɗora yaro a sikeli bai ƙaru ba, faɗa nake kamar in ari baki, kin sayar ko? kin ba maigida ya sha da koko ko? Kuma gaskiya akwai masu sayarwa, muna ganin sa a kasuwa, ba ƙarya ba ne. Amma ranar da na bi wata har gida na tarar yara shida a ɗaki ɗaya, ta yage ledar tana ba ƙaramin, sauran biyar sun zagaye ta sun zuba ido ba mai magana, babbar tana lashe yatsan ƙaninta in ya gama, nan na gane inda abincin ke tafiya. Wace uwa ce za ta iya? Ni ma ba zan iya ba. Tun daga nan na rage baki, na koma koya musu haɗa garin kunu na gero da waken suya da gyaɗa, a soya a niƙa, kowa a gidan ya sha, sai na ledar ya tsira wa mai shi.

Abin da ya fi min ciwo kuma shi ne lokaci. Mutane sun san azumi sun san layya, a lokacin sito har ba wajen ajiya. Amma yunwar gaske cikin damina take, Yuli zuwa Satumba, rumbu ya ƙare sabon gero bai nuna ba ga zazzaɓin cizon sauro ga gudawa, gadaje sun cika har yara biyu a gado ɗaya, a nan ne in kin buga wa mai ba da tallafi waya sai a ce Hajiya ta yi tafiya.

Malam na Argungu:
Allah ya saka wa Anti da alheri, ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ina koyar da marayu kusan 40 a wata islamiyya da jama'ar unguwa suka haɗa. Wani babban mutum, ba zan faɗi suna ba, ya aiko a tara yara ƙarfe goma zai kawo tallafi. Muka jera su a rana, sha ɗaya, sha biyu, azahar ta yi, wata yarinya har ta faɗi. Sai wajen biyu ga motoci, masu kyamara sun fi buhunan yawa, aka ce kowane yaro ya rungumi buhu ya yi murmushi, wanda bai yi ba a sake. Har aka ce a nemo wanda rigarsa ta fi yagewa a sa shi gaba. Yaron nan ɗan shekara tara ne, ya san abin da ake nufi sarai, sati guda bai zo makaranta ba. Allah ya ce a Suratul Baƙara kada ku ɓata sadakokinku da gori da cutarwa. Shinkafar mun ci, ba zan yi ƙarya ba, muna buƙata. Amma tsohuwar nan mai ƙosai ta bakin masallaci da ke aiko mana na ɗari biyar duk Juma'a shekara huɗu ba fashi, ko sunayen yaran ta sani ɗaya bayan ɗaya, ni ita nake lissafawa a masu riƙe makarantar nan.

Ɗan kasuwa, Jega:
Malam ranka ya daɗe, ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka. Ni ɓangaren masu bayarwa nake, muna da ƙungiyar 'yan kasuwa muna haɗa kuɗi duk wata. Sau biyu muna ba wani ya kai wa marayu, ashe marayun cikinsa ne, da muka matsa sai ya kawo mana sunaye a takarda, muka bi, rabi babu su a duniya. Tun daga nan muka ce ba hoto ba kuɗi. Ba don a gan mu ba, don mu ga inda haƙƙin mutane ya je. In ba a nuna ba ya za a yi ɗan uwanmu da ke Legas ko Saudiyya ya yarda ya sake turowa? Ku ma masu aikin ku gyara, cikinku akwai waɗanda suka mai da maraya jari.

Malam na Argungu:
Alhaji gaskiyarka, akwai su, kuma su suka ja mana. Amma a ɗauki hoton buhu da rasit da littafin sito, a turo mutum biyu daga cikinku su zo ba sanarwa su ƙirga yara. Fuskar yaro ce ba na so a Facebook. Yaron nan zai girma, zai nemi aure a garin nan.

Ɗan kasuwa, Jega:
To wannan kam na karɓa. Zan kai maganar taronmu na ƙarshen wata.

Marainiyar jiya:
Na jima ina karantawa ina gogewa kafin in turo. Ni ba ma'aikaciya ba ce, ni ce yarinyar da ake yi wa aikin. Babanmu ya rasu ina aji biyu na firamare, wata ƙungiya ta ɗauki nauyin karatuna har na gama sakandare, Allah ya saka musu, yau ina koyarwa ina da 'ya'ya uku. Amma tunda Maman Khalil ta ce a faɗi gaskiya. Duk sallah ana ɗinka mana kaya, atamfa ɗaya kala ɗaya mu duka kamar anko, to duk inda muka bi yawon sallah an san mu, ga 'yan marayu nan. Akwai shekarar da na ɓoye nawa ƙarƙashin katifa na sa tsohuwar rigata, Inna ta dake ni ta ce ban da godiya, ban iya yi mata bayani ba. Ba wanda ya yi da mugunta, sari ɗaya ya fi araha, na gane yanzu. Amma in da hali a bambanta, ko ɗankwali ne.

Kuma kun san me na fi tunawa? Ba shinkafa ba ba atamfa ba. Wata Anti ce a ƙungiyar, ita ma irin ƙanwarki ce mai ɗan alawus, ranar da ake taron iyayen yara a makarantarmu kowa babansa ko mamarsa ta zo, Inna tana aikatau ba za ta iya ba, ina zaune bayan aji sai na ji an ce ina mai kula da wance, sai ga ta ta ɗaga hannu. Ta karɓi takardar sakamakona ta duba, ta ja min kunne kan lissafi a gaban kowa kamar yadda ake yi wa kowa. Wallahi faɗan nan ya fi min kayan sallah goma daɗi. Na yi ta neman ta bayan na yi aure, aka ce ta koma wajen Yawuri, har yau ban same ta ba.

Ummu Aisha, Talata Mafara:
Innalillahi. Allah ya jiƙan mahaifinki. Mu ma atamfa ɗaya muke saya wlh ban taɓa kawo wannan a raina ba. Bana za mu canza in sha Allah.

Bakabe:
Tambaya don Allah, ya halatta a biya masu aikin daga kuɗin zakka? Mu rigimar da ta kusa raba ƙungiyarmu ke nan.

Malam na Argungu:
Ayar Suratut Tauba ta ambaci ma'aikatan zakka cikin kashi takwas, amma wane ne ya shiga ciki wane ne bai shiga ba, wannan ku zauna da malamanku, in kuna Zamfara ma akwai Hukumar Zakka da Wakafi. Mu dai mun raba asusu biyu, zakka daban, sadaka da gudummawa daban, alawus daga na biyun yake fita, aka huta.

Ɗan Ƙaura:
Ni abin da zan ƙara kaɗan na. Satumbar 2021 da anka katse layukan waya a Zamfara lokacin Matawalle, anka rufe kasuwannin mako, mu da ba mu cikin garin Gusau mun fi jimawa cikin duhu. Muna da yara 23 da muke ciyarwa, kuɗinmu duk ta turansifa yake zuwa daga 'yan garinmu da ke Abuja da Kaduna, rana ɗaya komai ya tsaya, ba kira ba alat. Na zaci watsewa za mu yi. Liman ya yi sanarwa bayan asuba, shi ke nan, wanga ya kawo tiyar gero, wagga ta aiko kuka da daddawa, mai niƙa yac ce ba shi karɓar ko sisi, mai kemis ya buɗe mana littafin bashi. Mutanen da su kansu ba su da na gobe. Ba a ci mai daɗi ba amma ba a kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Gargaɗi ɗaya ga ƙanwarki, kada ta yi ma yaro alkawalin da ba ta da tabbas. Waɗanga yara an riga an tahi an bar su sau ɗaya, in ta ce gobe zan zo to ta zo, in ba za ta iya ba ta faɗa musu tun yau. Mun taɓa samun ɗan sa-kai da ya shaƙu da wani yaro wata uku, ya samu aiki ya tahi ba sallama, yaron ya fi wata yana zama bakin ƙofa da la'asar.

Maman Khalil, Gusau:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Inna duka jiya bayan isha'i, da na zo kan na Marainiyar jiya ta ce in tsaya, ta tashi ta shiga ɗaki, ashe ita ma a hannun kawunta ta tashi, abin da ba ta cika son magana a kai ba. Da safe ta ce yarinyar ta je amma da sharaɗi biyu, ta dawo kafin magariba, kuma in ta fara sai ta cika shekara ko da wani aikin ya fito. Kuɗin napep ni da maigidana za mu riƙa cika mata. Litinin za ta fara. Anti Nas don Allah ki turo min yadda ake auna garin kunun nan, gwangwani nawa na gero nawa na waken suya, ta ce akwai yara biyu a can da ba ta gamsu da jikinsu ba.