Gudun dogon zango da cutar MS: yaya ake yi da zafi?

MaiGudunSafe:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mai cutar MS (multiple sclerosis, cutar da ke taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka) da ke gudun kilomita 10 zuwa 21, idan jiki ya ɗau zafi sai ido ya fara dishi-dishi, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa. Shin cutar ce ke tashi? Kuma me za a yi, ba tare da an bar gudun ba?

Likitar_Gashi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Galibi ba tashin cuta ba ne. Ana kiransa alamar Uhthoff, sunan likitan ido ɗan Jamus da ya bayyana abin a 1890. MS tana cinye rigar da ke lulluɓe jijiyoyin saƙo, wato mayelin. Jijiyar da ta rasa rigarta da kyar take isar da saƙo, to ko rabin digiri zafin cikin jiki ya ƙaru, sai saƙon ya yi jinkiri ko ya tsaya cak. Da jiki ya huce, sai komai ya koma yadda yake, sau da yawa cikin mintuna ko 'yan awanni.

Ga ma'aunin: idan alamar ta wuce awa 24 bayan an huce, ko sabuwa ce da ba a saba gani ba, a nemi likitan jijiyoyi. A kuma duba zazzaɓi ko ciwon mafitsara, don su ma suna taso da tsofaffin alamomi.

Kocin_Tsere:
Maganar Malama haka take. Sanyaya jiki kafin a fita shi ne rabin aikin. A zauna cikin ruwa mai sanyi, kamar digiri 16 zuwa 20, ya kai ƙugu, na minti 20 zuwa 30. In babu hali, a sa falmaran mai ƙanƙara na rabin awa, a cire ta dab da farawa, don da ta narke ta zama kaya kuma tana hana zufa bushewa. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye, a sa riga marar kauri a tsakani. Wanda fatarsa ta yi mutuwar ji ba zai san ta ƙona shi ba.

Ɗumama jiki minti biyar ya isa. A hanya, gudun minti huɗu, tafiya minti ɗaya, tun daga farko, ba sai an galabaita ba. A riƙa kurɓar ruwa mai ƙanƙara duk minti 15, ana jiƙa wuya da hannuwa. Kuma a zaɓi zagaye gajere, kilomita biyu ko uku, da zai riƙa dawo da mutum wurin da ya ajiye kular ƙanƙararsa. Layi miƙaƙƙe mai nisa shi ke barin mutum a tsakiyar hanya da ƙafar da ta ƙi ɗaguwa.

A saurari takun ƙafa. Da an ji gaban takalmi ya fara kartar ƙasa, shaa, shaa, a tsaya a nemi inuwa. Abin da ke biyo baya tuntuɓe ne.

Ranar da iska ke da laima ta fi ranar zafi busasshe haɗari, domin zufa ba ta bushewa. Irin ranar nan a rage nisa, ko a koma injin gudu a ɗaki da fanka a gaba.

Mai_Harhaɗa_Magani:
Abu biyu da ake mantawa. Magungunan mafitsara irin oxybutynin, da kuma amitriptyline da ake bayarwa don damuwa ko zogin jijiya, suna rage zufa, alhali MS ɗin kanta tana iya rage ta. Allurar interferon beta da ake yi wa masu MS kuma takan kawo zazzaɓi, don haka kada a sa dogon gudu a washegarinta. Kada dai a canza magani sai da likita.

Na biyun ya fi damuna: masu matsalar fitsari suna ƙin shan ruwa don kada ya matse su a hanya. Don Allah a daina. Ƙarancin ruwa na ƙara zafin jiki. A hau sikeli kafin gudu da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce. Idan ragin ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, ruwan bai isa ba. Idan kuma nauyi ya ƙaru, an sha fiye da kima, gishirin jini na iya faɗuwa.

Ruɗewa, amai ko magana marar kan gado a cikin zafi, wannan a ɗauke shi a matsayin bugun zafi: a kwarara masa ruwan sanyi nan take, a kira motar asibiti.